Kada Ki Jira Gida Ya Yi Shiru Kafin Ki Nemi Takardar Koyar Da Yara

Yau maganata a kan malaman ƙananan yara take, watau matan nan da muke miƙa wa 'ya'yanmu 'yan shekara 3 zuwa 5 da sassafe, mu juya mu kama harkokin gabanmu. Yawancinsu matan aure ne masu nasu 'ya'yan, kuma da yawa a cikinsu ba su da takardar koyon wannan aiki. Zan faɗi ra'ayina tun daga farko don kada in wahalar da ku. Duk macen da ke riƙe da ajin yara ƙanana, ko take sha'awar riƙewa, ya kamata ta je ta yi karatun abin ta sami takardarsa, kuma ta fara yanzu, da goyonta da hayaniyar gidanta, domin ranar da take jira gida ya yi shiru ba za ta zo ba.

Na sani akwai masu cewa, wai me kuma za a koya wa mace game da yaro? Ita ta ɗauki ciki, ita ta haifa, ita ta shayar ta yaye, sa'an nan a ce sai ta je kwaleji wani ƙato ya tsaya gaban allo yana gaya mata yadda ake lallashin yaro? Maganar tana da daɗin ji a gidan suna, amma fa a duba da kyau. Uwa 'ya'yanta uku ko huɗu ta sani. Ta san mai ƙiwa, ta san mai ci, ta san wanda in ya yi shiru to ɓarna yake yi a bayan ɗaki. Malamar aji kuwa 'ya'yan mutane ne a gabanta, kowane da gidan da ya fito da irin rainon da ya samu. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malama ɗaya ga yara 25, amma ku da kanku kun sha leƙa ajin da ya ninka haka har da ɗoriya. Cikin awa guda wannan ya yi fitsari a wando, wancan ya ciji ɗan'uwansa, wata ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya tana ta kuka, wani kuma ya cusa ƙwayar wake a hanci. Macen da ba a koya mata yadda za ta bi da irin wannan taro ba, makaminta biyu ne, tsawa da bulala. Ba mugunta ce ta sa ta ba, iyakar abin da ta sani ke nan.

A kwalejojin ilmi akwai fanni guda da aka keɓe domin wannan aiki, ana kiransa ECCE a taƙaice, watau kula da yara ƙanana da ilmantar da su, kuma a ƙarshensa ake ba da takardar NCE. Abin da ake koyarwa a ciki ya fi ƙarfin "ku yi shiru, ku naɗe hannu". Za a nuna miki yadda yaro yake girma mataki-mataki, a jiki da harshe da hankali. Za ki gane cewa yatsun ɗan shekara 3 ba su yi ƙwarin da zai cika shafi da baƙaƙe ba, abin da yake bukata shi ne ya yi ta zane-zanen banza, ya mulmula yumɓu, ya zura duwatsun wuya a zare, har hannun ya nuna. Za ki gane cewa zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ya fi ƙarfinsa, don haka in ya tashi yana yawo a aji ba raini ba ne. Da wasa yake koyo. Murfin kwalba da tsakuwa sun isa a koya masa ƙirga, tatsuniya da kacici-kacici kuwa su ne suke buɗe masa baki. Abin takaici, mu iyaye mu ne muke matsa wa malamai, muna so ɗan yaye ya dawo gida da jaka cike da aikin gida don mu ga kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Wannan karatu ba yau aka fara shi ba. Wani Bajamushe mai suna Froebel shi ne ya raɗa wa irin wannan makaranta suna "lambun yara" a shekarar 1840, don yana ganin yaro kamar tsiro ne da ake bayi a hankali. Maria Montessori kuwa likita ce 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a shekarar 1907, a wata unguwar talakawa inda iyaye kan fita aiki su bar yara suna gararamba. Ta sa aka yi musu kujeru da tebura daidai tsawonsu, ta bar kowane yaro ya ɗauki abin da zai yi aiki da shi da hannunsa. Yau ga sunanta nan a allunan makarantu a kowane lungu na garuruwanmu, amma in kika shiga ciki sai ki tarar da yara 60 a kan benci, suna maimaita abin da ba su gane ba da iyakar muryarsu.

Akwai kuma ɓangaren lafiya, wanda ni a ganina ko shi kaɗai ya isa dalili. Malamar da aka horar ta san in yaro ya faɗi yana jijjiga ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko manja, kwantar da shi ake yi a gefen jikinsa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a nemi asibiti. Ta san haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, watau lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta san mai ciwon sikila ba a hana shi shan ruwa, ba a bar shi cikin sanyi. Ita ce kuma takan fara lura da yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ta gaya wa iyayensa a duba kunnensa tun da wuri, maimakon a yi shekaru ana dukansa ana ce masa daƙiƙi.

To, ban da amfanin yara, akwai maganar tuwonki ke kanki. Akwai lokacin da macen da ta fito WTC da takardar Grade II take taka ƙasa da ƙarfi, kuma ta cancanta, don shekara biyar ta yi bayan firamare tana koyon aikin. Da aka ƙaddamar da shirin UPE a shekarar 1976 yara suka cika makarantu, malamai suka yi ƙaranci, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna a wannan shekarar don a horar da waɗanda ke bakin aiki. Amma zamani ya juya. Yanzu NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, take karɓa. Masu riƙe da Grade II a cikinmu sun san yadda ake duban takardar a yau in an je neman aiki ko ƙarin girma. Dokar UBE ta 2004 ta sa rainon yara ƙanana cikin ilmin tushe, manufar ilmi ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Ashe ke nan ajin yara ya zama aikin hukuma sosai, hukuma kuwa takarda take tambaya. Kuma kada mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a shekarar 2017, inda aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi abin, ya nuna mana cewa malamin da ya daina karatu a bakin rami yake zaune.

Ba zan yaudare ku in ce da kin sami takarda albashi zai haura ba. Mun san masu makarantun kuɗi da ke biyan malamar nazare abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashin Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, ko tana da NCE ko ba ta da ita. Bambancin shi ne mai takarda tana da inda za ta nufa. Tana iya neman aiki a hukumar SUBEB ta jiharta, tana iya barin wannan makaranta ta koma waccan, tana iya ci gaba ta yi digiri, in Allah ya hore mata kuma ta buɗe nata wurin. Marar takarda kuwa duk abin da aka miƙa mata sai ta karɓa da hannu biyu.

Yanzu sai mu zo kan inda gizo ke saƙar, watau gida. Kin tashi tun duhu, kin dama koko, kin yi wa yara uku wanka, kin nemo safar babban da ta ɓace, kafin ki juyo ƙaramin ya kifar da kunu a kan takardun laccarki. Kin je makaranta kin yi fama da 'ya'yan mutane har azahar, kin dawo ga wanke-wanke, ga tuwon dare, ga baƙi daga ƙauye ba sanarwa. Bayan isha'i kin buɗe littafi, an ɗauke wuta, na goye kuma yana haƙori ya ƙi kwanciya. Ranar da za ki rubuta jarrabawa ita ce ranar da zazzaɓi zai kama ɗaya daga cikinsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ce miki abin mai sauƙi ne bai taɓa yi ba. Sai dai ki yi lissafi. In kin ce sai kin yaye wannan, kafin nan wani cikin ya shiga. In kin ce sai sun shiga makaranta, lokacin ne kuɗin makarantarsu zai cinye naki. In kin ce sai sun girma, kafin ki farga an kawo miki jika yaye.

Hanyoyin karatun ba ɗaya ba ne. Akwai na cikakken lokaci, shekara 3 a kwaleji, wanda ya fi dacewa da budurwa ko wadda take da mai riƙe mata gida. Akwai na ƙarshen mako da na dogon hutu da kwalejoji da yawa suke yi domin ma'aikata. Akwai kuma karatu daga gida na NTI, inda ake ba ki littattafai ki karanta, ki riƙa zuwa cibiya a ƙarshen mako. Waɗannan sukan ɗauki lokaci fiye da na farko, amma sannu ba ta hana zuwa. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne, kafin ki biya kuɗin fom ki tabbatar wurin yana koyar da fannin yara ƙanana, kuma hukumar kula da kwalejojin ilmi, NCCE, ta amince da shi. Wuraren bogi sun yi yawa, kuma mata masu ƙaramin ƙarfi su ne abincinsu.

Game da lokacin karatu, shawarata ki bar dare. Macen da ta wuni a tsaye in ta buɗe littafi bayan isha'i layi ɗaya za ta yi ta maimaitawa har barci ya kwashe ta. Rabin awa bayan sallar asuba, kafin yara su farka, ya fi awa biyu na gyangyaɗi. In malami ya yarda, ki ɗauki muryar laccarsa a waya, ki saurara kina wanki ko kina tsince shinkafa. Takardunki kuwa ki nema musu bokiti mai murfi ki ɗora saman sif. Kuma ki lura da wata garaɓasa da kike da ita wadda 'yammatan ajinku ba su da ita: abin da suke haddacewa a littafi ke a tsakar gidanki kike ganinsa. In an yi muku darasi a kan yadda yaro yake fara haɗa kalmomi biyu wajen shekara 2, ki dawo gida ki saurari naki. Abin da kika gani da idonki ba ya ɓace miki a ɗakin jarrabawa.

Wuri mafi tsanani shi ne lokacin gwajin koyarwa, wanda ake kira TP. Makonni ne masu yawa a jere za ki riƙa zuwa wata makaranta kullum, da tsarin darasinki a rubuce da kayan koyarwarki a hannu, malamin da zai duba ki kuma yana iya faɗowa ranar da ba ki zata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana saura watanni ki nemi a tura ki makarantar da ke kusa da gida, ki fara tara kwali da gwangwani da murafe, ki san wanda zai riƙe miki yara. In kuma haihuwa ta zo daidai da jarrabawa, kada ki ɓace kawai ki ce za su gane. Ki rubuta takardar neman ɗage zangon, ki kai ofis, ki riƙe kwafi.

Ga maganar da ta fi damuna a cikin wannan al'amari duka, kuma ina roƙon ku saurare ni da kyau. In kin shiga kowace kwaleji za ki ga yara mata 'yan shekara 9 ko 10 zaune a gindin bishiya da jarirai a bayansu, suna jiran iyayen jariran su fito daga lacca. Wasu 'ya'yan ɗaliban ne na fari, wasu ƙannensu ne, wasu kuma daga ƙauye aka ɗauko su da sunan za a sa su makaranta. A lokacin da suke zaune a nan, sa'o'insu suna aji. Yaya za a yi mace ta shiga ɗaki tana rubuta muhimmancin ilmin yaro tun yana ƙarami, alhali ga yarinyar da ta cire daga aji huɗu tana jijjiga mata goyo a bakin taga? Takardar da aka saya da karatun wata yarinya ba ta da albarka, ko da an ci ta da daraja ta ɗaya. Yarinya ta taimaki uwarta bayan an tashi daga makaranta, wannan tarbiyya ce, dukanmu haka muka tashi. Amma a hana ta zuwa aji don ke ki je naki, wannan zalunci ne, kuma wata rana za ta tambaye ki.

To ina mafita? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muka iya adashin kuɗi haka za mu iya adashin raino. Mata uku ko huɗu da ke unguwa ɗaya, waɗanda lokutan laccarsu suka saɓa, suna iya yin karɓa-karɓa. Akwai dattijai mata a kowace unguwa da za su yi murna da ɗan abin goro a ƙarshen wata su riƙe miki yaro na awa uku. Inda ake zaman lafiya da abokiyar zama, ki nemi alfarmarta da girmamawa, ki kuma rama mata ranar da take bukata. Su ma hukumomin kwalejoji ya kamata su dubi Allah. Abin kunya ne a ce ga sashen koyar da rainon yara a cikin makaranta, amma babu ɗaki ɗaya mai tabarma da ruwa inda ɗaliba za ta ajiye jaririnta. Da an buɗe irin wannan ɗaki a ƙarƙashin kulawar malamai, da ɗaliban sashen sun sami wurin gwada abin da suke karantawa, yaran gindin bishiya kuma sun koma ajinsu.

Maigida kuwa, ki zauna da shi tun kafin ki sayi fom, ki gaya masa gaskiyar abin duka. Kada ki ce masa babu abin da zai canja, don zai canja. Wata rana abinci zai makara, wata Asabar ba za ki je bikin danginsa ba, kuma akwai kuɗin rajista da na mota. Gara ya amince yana sane, da ya amince a kan daɗin baki ya zo ya janye kina tsakiyar shekara ta biyu. In cuɗanya da maza ce damuwarsa, akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Gusau wadda ta mata ce zalla. In kuma yana ganin fitar matar aure neman ilmi baƙon abu ne, ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Matar aure ce mai 'ya'ya, kuma ita ta shirya jajis da 'yan taru suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ku kuma maza, na san kuna leƙa wannan shafi in ba kowa a kusa, riƙe ɗanka na awa guda matarka ta yi bita ba ya rage maka komai.

In kin shiga, ki yi karatun da gaske. Gajiya takan sa mace ta ba wani kuɗi ya rubuta mata aikin da aka ba ta, ko ta shiga jarrabawa da 'yar takarda a cikin hijabi, tana cewa ai uzurinta a bayyane yake. A wani fannin wataƙila a daɗe ba a gane ba. A wannan fannin kuwa ranar da yaro ya shaƙe da alewa a gabanki, babu wanda zai rubuta miki amsa.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ku ne kuke da abin da mu muke nema ruwa a jallo, watau lokaci. Na san yadda kuke kallon NCE, wai wurin da ake zuwa ne in jami'a ta ƙi mutum, fannin yara kuma wai na waɗanda ba su da ƙoƙari ne. Ku daina wannan tunani. Ki dage ki fito da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, don kada wata ƙofa ta rufe miki. In kina jin daɗin zama da ƙannenki, kina da haƙurin amsa tambaya ɗaya sau goma, to ki zaɓi fannin nan da kanki tun a fom, kada ki bari sai an jefa ki. In an tsayar da maganar aurenki kafin ki gama, ki roƙi Baba ko kawunki su sa maganar ƙarasa karatun cikin abin da za a yi magana a kai da dangin mijin tun kafin a sa rana, a gaban manya, yadda ba wanda zai ce daga baya bai ji ba.